Mataki da Maimaitau: Aikin Ƙafa a Kiɗan Jita na Zamani, da Abin da Ya Kamata Makaɗin Dutsin-Ma da Kurfi Ya Duba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli masaƙi a bakin aikinsa ya san hannu kaɗai ba ya fid da ƙyalle. Hannuwa biyu suna wajen jefa ƙoshiya da buga zare, ƙafafu kuwa suna bisa matakai, wannan ta danna waccan ta saki, domin zaren tsaye ya buɗe ƙoshiya ta sami hanya. Haka tela mai keken ƙafa yake yi. To, makaɗin jita na zamani ya shiga wannan sahu. Hagunsa na danne tsirkiya, damansa na kaɗawa, bakinsa watakila yana rera waƙa, saboda haka duk wani umurni da zai ba na'urar da ke ƙara masa sauti, sai dai ya bayar da ƙafa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin na'urori biyu da makaɗi ke takawa. Da yake Hausa ba ta riga ta raɗa musu suna ba, an ari kalmar masaƙa, watau *mataki*, domin akwatin maɓallan da ake takawa a sarrafa amfilifaya. Ta biyun kuwa, wadda ke ɗaukar guntun kiɗa nan take ta yi ta nanata shi, an kira ta *maimaitau*. In masu nazarin harshe sun sami abin da ya fi waɗannan dacewa, ƙofa a buɗe take.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa Dutsin-Ma da Kurfi da wannan magana, tun da jita ba ita ke cin kasuwa a bukukuwan ƙasar Katsina ba. Kalangu da gurmi da bandiri su ne 'yan gida, sa'an nan ga fiyano da waƙoƙin sitidiyo da ake sakawa a lasifika. Jita kuwa an fi jin ta a majami'u da wajen ɗalibai, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, bayan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke garin tun tuni. Amma na'urorin nan ba su san jita daga gurmi ba, duk abin da aka jona musu za su karɓa. Bugu da ƙari, aikin da maimaitau ke yi ya yi kama ƙwarai da wani aiki da kiɗan Hausa ya daɗe yana ba mutane, watau amshi. Kamannin nan da kuma inda ya tsaya, su ne ya kamata su jagoranci wanda zai saya ko zai ƙera.

Amfilifaya mai kwamfuta

Tsohuwar amfilifaya muryarta ɗaya ce, abin da maƙerinta ya zuba mata shi ke nan, sai dai a ƙara ko a rage. Ta zamani kuwa kwamfuta ce ƙarama a cikin akwati. Tana karɓar sautin jita ta mayar da shi lambobi, sau dubu arba'in da wani abu a kowace daƙiƙa, ta yi lissafi a kansu, sa'an nan ta mayar da su sauti. Da wannan lissafi take kwaikwayon muryar tsofaffin amfilifayoyi iri iri, ta ƙara amsa-kuwwa, ko kaushi, ko rawar murya. Kamfanin Line 6 na Amurka ya fid da irinta a 1996, ya biyo da ƙaramar na'urar nan POD a 1998. Daga baya Kemper ta Jamus ta fito a 2011, Boss Katana kuma a 2016, kuma ita Katana ɗin tana cikin waɗanda kuɗinsu bai kai na sauran ba.

Kowane haɗin murya da makaɗi ya shirya yana iya adana shi da lamba, a kira shi *tsari*. Tsari na ɗaya ya zama sauti garau don rakiyar waƙa, na biyu mai kaushi don inda jita za ta yi magana ita kaɗai, haka dai. Matsalar ita ce, a tsakiyar kiɗa babu hannun da zai miƙa ya murɗa maɓalli. Nan mataki ya shigo.

Ire-iren mataki

Mafi sauƙi shi ne makunni ɗaya ko biyu cikin akwati, da waya mai kan jak zuwa bayan amfilifaya. Babu kwamfuta a cikinsa, wani ma ko batir ba ya bukata. Sai dai makunni iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya sha sa mutane zargin kayansu sun lalace alhali lafiyarsu lau. Akwai mai riƙewa, wanda in an taka ya kunnu sai an sake takawa zai mutu, kamar makunnin fitilar ɗaki. Akwai kuma mai saki, wanda ke haɗa wuta muddin ƙafa na kansa, da an ɗaga ya koma yadda yake. Alal misali FS-5L na Boss mai riƙewa ne, FS-5U mai saki. Maimaitau mai saki take so. Har ila yau, shi mai sakin wani a buɗe yake zaune sai an taka ya rufe, wani kuwa akasin haka, kuma in aka jona wanda bai dace ba na'ura za ta riƙa amsawa lokacin ɗaga ƙafa maimakon lokacin takawa.

Iri na biyu shi ne wanda kamfani ya ƙera don amfilifayarsa kaɗai. GA-FC na Boss da ke tafiya da Katana misali ne, haka matakan FBV na Line 6 da na Kemper, waɗanda ke amfani da waya irin ta haɗa kwamfutoci. Kan wayar ya yi daidai da ramin ba ya nufin harshensu ɗaya, jona na wani kamfani a jikin na wani ganganci ne. Amfanin wannan iri shi ne babu wahalar shiryawa, illarsa kuwa ranar da aka sauya amfilifaya shi ma ya tashi aiki.

Iri na uku shi ke magana da harshen da na'urorin kiɗa suka yi tarayya a kai, watau MIDI. An fara nuna wannan ƙa'ida a bainar jama'a a watan Janairu na 1983 a Amurka, lokacin da aka haɗa fiyanon lantarki na kamfanin Sequential Circuits na Dave Smith da na kamfanin Roland na Ikutaro Kakehashi, ɗaya ya kaɗa ɗaya. Wayar MIDI ba sauti take ɗauka ba, saƙo ne na lambobi, kuma saƙonni biyu suka shafi mai mataki. Na farko saƙon sauya tsari, wanda ke cewa a koma tsari lamba kaza, daga 0 zuwa 127. Na biyu saƙon sarrafawa, wanda ke ɗauke da lambar abin da za a taɓa da kuma gwargwadon taɓawar, shi ma daga 0 zuwa 127, da shi ake kunna amsa-kuwwa ko a rage ƙara ba tare da an bar tsarin da ake ciki ba. Waya ɗaya tana da tashoshi 16, kuma dole mai aikawa da mai karɓa su kasance a tasha ɗaya. Saƙon yana tafiya da saurin ɗigo 31,250 a daƙiƙa, saboda haka umurni ɗaya bai cika kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba ya isa. Wani ƙaramin tarko da ke nan shi ne wasu kamfanoni daga 1 suke ƙirga tsari, wasu daga 0, sai mutum ya nemi na biyar na shida ya fito. FCB1010 na Behringer, mai maɓallai goma masu lamba da fedoji biyu, shi ne sanannen mataki mai araha na wannan iri, ko da yake shirya shi yana son haƙuri.

Feda kuwa, wadda ake lanƙwasawa gaba da baya kamar totur na mota, cikinta ba kome ba ne illa irin ƙarfen nan mai juyawa da ke bayan maɓallin ƙara muryar rediyo.

Maimaitau da 'yan amshi

Aikin maimaitau a taƙaice shi ne: a taka ta fara ɗauka, a kaɗa gaɓar kiɗa, a sake takawa ta rufe ɗaukar ta shiga nanata ta ba tsayawa. In aka taka na uku sai ta ɗora sabon abin da ake kaɗawa bisa na farko, hawa hawa, har mutum ɗaya ya yi ƙarar ƙungiya. Dabarar ta girmi kwamfuta. Les Paul ya yi ɗora sauti bisa sauti tun wajen 1950, Terry Riley kuma a 1963 ya ratsa zaren rikoda ɗaya cikin rikodoji biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na mayarwa, hanyar da Brian Eno da Robert Fripp suka bi a faifansu na 1973. Na'urorin kwamfuta sun biyo baya: DL4 ta Line 6 a 1999 mai ɗaukar daƙiƙa 14, RC-20 ta Boss a 2001, sai Ditto ta TC Electronic a 2013, wadda ta zo da makunni ɗaya da maɓallin ƙara ɗaya, tana ɗaukar minti biyar. Tsawon ɗauka ya daina zama abin damuwa, domin minti ɗaya na sauti mai kyau bai wuce megabayit biyar da ɗan ɗori ba.

Bahaushen da ya ji maimaitau na aiki ba zai ga baƙon abu ba, domin ginin waƙarsa ke nan. Akwai gindin waƙa da ke dawowa, akwai ɗiyan da jagora ke ɗorawa, akwai ƙananan ganguna irin su kurkutu da ɗan karɓi da ke riƙe da zubi ɗaya don uwar kalangu ta sami filin yin magana. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, maƙwabciyar wannan yanki, ya kuma rasu a 1999, ya gina waƙoƙinsa masu yawa bisa amshi gajere da 'yan amshi ke nanatawa, shi kuwa yana yawo a samansa yadda ya ga dama. In an dubi zubin kaɗai, wannan shi ne abin da na'urar ke yi. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna ɗaya fuskar: mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, kiɗan ne ke yi masa amshi.

Amma kamannin yana da iyaka, kuma sanin iyakar ya fi sanin sunayen kamfanoni amfani. Ɗan amshi yana da kunne. In jagora ya ja ɗa ya yi tsawo, zai jira shi. In wani babban mutum ya shigo fili jagora ya juya kansa, makaɗa za su sassauta ko su zaburo ba tare da an ce musu kome ba. A ƙungiyoyin makaɗan fada irin ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, 'yan amshi ba nanatawa kawai suke yi ba, suna yin ƙari, suna karɓe layi daga bakin jagora su ƙarasa shi, abubuwan da masu nazarin waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka yi wa bayani da sunayensu. Maimaitau ba ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da aka ba ta shi za ta mayar, da kyansa da kuskurensa, a kan lokacin da aka rufe shi. Watau da ɗan amshi, jagora ake bi, da maimaitau kuwa jagora ne ya zama mabiyi.

Ga misali da lissafi. A ce gaɓar da makaɗi ya ɗauka ya kamata ta zama daƙiƙa huɗu cif, amma ƙafarsa ta makara da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa wajen rufewa. In shi kaɗai ne, za a riƙa jin ɗan tuntuɓe a duk zagaye, wanda zai iya ɓoyewa in ya iya. Amma in akwai mai kalangu a gefensa da ke riƙe da lokacinsa daidai, bayan zagaye ashirin, watau cikin minti ɗaya da daƙiƙa ashirin, mai kalangu ya bar na'ura a baya da daƙiƙa guda cur. Wannan a kiɗa ɓaraka ce babba. Maganinta shi ne mai kalangu ya riƙa jin na'urar sosai ya bi ta, abin da ba kowane tsohon makaɗi zai yarda da shi ba, kuma yana da hujja.

Kamfanoni sun nemi magance wannan da sa wa na'ura ma'aunin lokaci, wanda ke jawo takun ƙafa zuwa bugu mafi kusa, tare da kiɗan ganguna da aka adana a ciki. Sai dai akasarin waɗannan kaɗe-kaɗe na ciki an zuba su bisa ƙirgen huɗu-huɗu na kiɗan Turai da Amurka, alhali kiɗan Hausa da yawa yana tafiya bisa ƙirgen uku-uku, wani lokaci ma biyu da uku suna tafe tare. Makaɗin gurmi da ya bar wannan ma'auni a kunne bisa ƙirgen da ba nasa ba, zai ga na'ura ta datse masa gaɓa a inda bai nufa ba. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko ana iya kashe ma'aunin, ko a sauya ƙirgensa.

Akwai kuma maganar abinci, wadda ba a cika so a taɓa ba. Ƙungiyar kalangu gidaje da yawa take ciyarwa, kuma a cikinta yaro ke koyon sana'a, daga ɗaukar kaya zuwa ƙaramar ganga zuwa amshi. Fiyano ya riga ya rage wannan sahu tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da sitidiyoyin Kano suka koma yin kiɗan finafinai da fiyanon Yamaha, mutum ɗaya yana fid da muryar kalangu da sarewa da yatsunsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, ga kuma rashin tsaro da ya addabi ƙananan hukumomin wannan shiyya a 'yan shekarun nan, wanda ya sa tafiyar dare da ayari ta zama abin tunani. Duk wannan yana tura makaɗi ga tafiya shi kaɗai. Maimaitau na iya riƙe mai gurmi a fagen biki a lokacin da ba zai iya ɗaukar mutum shida ba, wannan alheri ne. Amma ba ta yaye ɗalibi, kuma ƙarin da ɗan amshi ke yi ba ya cikin abin da take adanawa.

Abin dubawa wajen zaɓe

Yawan maɓallai shi ke fara jan idon mai saye, alhali abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake tsayar da na'ura. A maimaitau mai makunni ɗaya, irin su Ditto da RC-1, tsayarwa sai an taka sau biyu da sauri. A ɗaki wannan ba kome ba ne. A fili kuwa, inda ake so kiɗa ya ɗauke daidai kan kalmar ƙarshe ta kirari, taku biyu yana sa a makara ko a shiga ɗora sauti ba da niyya ba. Wanda zai yi wasa gaban jama'a ya nemi mai makunni biyu, ko mai ramin da za a jona ƙarin makunni don tsayarwa. Sa'an nan ya tabbata akwai hanyar janye hawa na ƙarshe in an yi kuskure, ba sai an rushe ginin duka ba. Tazarar maɓallai ma abin dubawa ce: mai babbar riga da takalmi faɗe ba ya ganin ƙafarsa sosai, maɓallai matsattsu kuwa taku ɗaya sai ya danne biyu.

Sai inda za a jona ta. In aka sa maimaitau tsakanin jita da amfilifaya, sautin jita tsurarsa take ɗauka, don haka da an sauya tsari, abin da ke zagayawa ma zai sauya murya. In amfilifaya tana da ƙofofin fita da komowa a bayanta, aka jona ta nan, to za ta ɗauki sauti da adonsa, makaɗi ya sauya tsari yadda yake so ba tare da ya taɓa shimfiɗar da ya yi ba. Ba kowace amfilifaya ke da waɗannan ƙofofi ba, ƙanana da yawa ba su da su, saboda haka a leƙa bayanta kafin a biya. Haka nan a duba ko tana da ramin MIDI. Wasu ramin USB kaɗai gare su, kuma mataki mai USB ba zai yi magana da su kai tsaye ba, domin dukansu biyu jiran kwamfuta suke ta shugabance su, sai an sa wani ɗan akwati a tsakani da zai tsaya a matsayinta.

Ga mai gurmi ko garaya ko molo, hanya mafi sauƙi ita ce manna ƙwayar fiyezo, wani ɗan faifan ƙarfe mai mayar da girgiza wutar lantarki, a jikin fata kusa da jaki. Sautinta yakan fito siriri in an jona ta kai tsaye, sai an sa ƙaramar na'urar ƙarfafawa a tsakani. Ƙoƙo da fata kuma suna amsa ƙarar lasifika, don haka in makaɗi ya tsaya gaban lasifika kuka zai tashi. Makirfo ya fi fid da muryar gurmi ta ainihi, amma a gidan biki yana kwasar guɗa da hayaniya da ƙarar janareto, maimaitau kuma ta yi ta nanata su, kowane hawa da nasa tarkace.

Wuta ita ce babbar magana a Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan da KEDCO ke ba wuta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, kuma kayan kiɗa na gwanjo da yawa daga can suke fitowa. Wasu suna karɓar kowace iri, wasu kuwa jonawa ɗaya ta isa ta ƙone su, don haka a karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta. Ƙananan na'urorin takawa galibi bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar kan wayarsu shi ne mara, akasin yawancin cajojin da ke yawo a kasuwa. Kai ya shiga rami ba shaida ba ce. Ƙaramin janareto wutarsa hawa da sauka take, amfilifayar kwamfuta kuwa in wuta ta yi ƙasa ba dusashewa take kamar tsohuwar ba, mutuwa take ta sake tashi, waƙa ta tsaya cik. Sitabilaiza ko batir da inbata na hasken rana sun fi kwanciyar rai. A tambaya kuma ko maimaitau tana riƙe abin da ta ɗauka bayan an ɗauke wuta, domin ba dukansu ke yi ba.

Ƙurar hunturu tana shiga makunni da feda ta sa su ƙarar ƙaiƙayi ko su ƙi amsawa, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Jaka mai zif da ɗan ƙyallen rufewa sun fi kowane gyara araha.

Ƙera na gida

Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, kayan da ake shigowa da su sun yi nisa da aljihun ɗalibi. Maimaitau dai sai saye, domin ƙera mai sauti mai kyau aiki ne babba. Mataki kuwa yana cikin abin da mai gyaran rediyo ko waya zai iya haɗawa. Ƙera kayan kiɗa da abin da ke kusa ba baƙon abu ba ne a wannan sashe: gwangwani ne cikin kuntigi, Mdou Moctar na Nijar kuma da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, kafin ya zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko, wanda ya yaɗu ta katin ajiya na wayoyin hannu.

Mataki mai makunni biyu ba ya bukatar kome sai makunnai masu saki guda biyu, da ramin jak mai hanya uku, da akwati. Makunni na farko ya haɗa kan jak da gindinsa, na biyu ya haɗa zoben tsakiya da gindin. Wannan ya isa ga na'urori da yawa, muddin an tabbatar da irin makunnin da suke so, mai zama a buɗe ko mai zama a rufe.

Na MIDI yana bukatar ƙaramar kwamfuta, kuma wadda aka fi samu ita ce Arduino, da aka fara yi a garin Ibreya na Italiya a 2005. Ana jona kowane makunni tsakanin ƙafa ɗaya ta allon da ƙasa. Ramin MIDI mai ƙafa biyar ne, amma uku ke aiki: ta 2 tana zuwa ƙasa, ta 4 tana zuwa bolt 5 ta cikin resista mai om 220, ta 5 kuma tana zuwa ƙafar aikawa ta allon ta cikin wata resistar mai om 220. Kuskuren da aka fi yi shi ne musanya ta 4 da ta 5, domin lambobin ba a jere suke ba, kuma duban rami ta gaba da ta baya yana juya su. In an haɗa kome ya yi shiru, nan za a fara dubawa. Sai a rubuta wa allon umurni cewa ya buɗe hanyar aikawa a saurin 31,250, in an taka makunni kaza ya aika saƙo kaza.

Wani abu da ido ba ya gani shi ne ƙarfen makunni ba ya haɗuwa sau ɗaya tak. Yana ɗan tsalle sau da yawa cikin ƙiftawar ido kafin ya zauna, kwamfuta kuwa tana ƙirga kowane tsalle a matsayin taku. Ga sauya tsari wannan ba ya cutarwa sosai, amma ga maimaitau taku ɗaya zai zama ɗauka da rufewa a lokaci guda. Maganinsa a cikin umurnin yake: a aika saƙo nan take da taɓawar farko, sa'an nan a yi biris da makunnin na kamar kashi ashirin zuwa hamsin cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ya juya tsarin, ya sa allon ya jira tukuna kafin ya aika, ya sa wa kansa makarar da aka yi lissafinta a sama. Saboda wannan dalili, makunnin da ke ɗauka da rufewa kada a ɗora masa aiki na biyu irin na dogon taku, domin dole allon ya jira ɗaga ƙafa kafin ya san abin da ake nufi.

Akwati kuwa aikin maƙeri ne ko mai walda, kuma babu garin da ba su. Ƙarfe ya fi katako, don yana tare ƙugin wuta, kuma a haɗa jikinsa da wayar ƙasa. A karkata samansa kaɗan, a bar tazarar da ta kai faɗin takalmi tsakanin makunnai, a liƙa roba ta tsohuwar taya a ƙarƙashi don kada ya zame bisa siminti ko tabarma. Ƙananan fitilu masu nuna tsarin da ake ciki suna da amfani da dare, amma da rana a fili ba a ganinsu sai an yi musu 'yar rumfa. Makunnan takawa masu ƙarfi da ramin MIDI ba a cika samunsu a ƙananan kasuwanni ba, sai a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, ko a yi odarsu ta intanet. Tun da makunni shi ke fara mutuwa, a sayo da rara, a kuma ɗaure shi da noti maimakon gam, yadda mai gyara a Kurfi zai kwance ya sauya shi da ƙarfen dalma cikin 'yan mintoci ba sai an kai Katsina ba.